Zauren Tarihi: Wasiƙunku a Kan Daura da Ƙauyukanta

A fitowar da ta wuce na ɗan taɓa zancen hawan Sallar Gani a Daura, layi biyar kacal, sai ga wasiƙu sun yi mini ruwa. Na tsamo huɗu. Waɗanda ba su ga tasu ba su yi haƙuri, shafin ne bai da faɗi.

Baba, ni 'yar Zango ce, ina karatu a Katsina. Duk lokacin da aka yi zancen gidan sarautar Daura, kakana sai ya ce, "Ai daga nan suka koma." Mu kuwa Bayajidda da rijiyar Kusugu kawai aka koya mana a makaranta. Me ya kai sarakunan Daura Zango?

'Yata, kakanki ya fi littafinki na firamare sanin garinku. Ki kai masa goro.

Jihadi ne ya kai su. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, kafin shekara ta zagayo wutar ta kama ƙasar Hausa. Wanda ya riƙe tutar Shehu a wannan yanki shi ne Malam Isiyaku, ya kuwa ci birnin Daura a 1805. Sarkin da ke kan gado a lokacin, Gwari Abdu, ya fita da iyalinsa da bayinsa da masu sarautar da suka zaɓi binsa. Ba su yi nisa ba. Sun yi ta kewayawa a gefen ƙasarsu, yau nan gobe can, suna hangen ganuwar birnin da aka kore su, har daga bisani gidan ya rabu. Reshe ɗaya ya zauna a Zango, ɗaya ya kafa Baure. Kowannensu kuma Sarkin Daura yake kiran kansa, da tamburansa da fadawansa da masu sarautarsa.

Ke nan shekaru da dama ana da Daura uku: ta Fulani a cikin birni, mai kai gaisuwa Sakkwato, sai ta Zango, sai ta Baure. Biyun nan na waje ba su da ƙarfin tsayawa su kaɗai, don haka suka shiga inuwar Damagaram, musamman zamanin Sarki Tanimu, wanda ya tara bindigogi har da igwa. Kariya suka samu, suka biya ta da gaisuwa da mayaƙa duk lokacin da aka nema.

Ki tsaya ki yi tunanin talakan da gonarsa ta faɗo tsakanin waɗannan ukun. Ni ƙauyenmu na cikin irinsu, tafiyar hantsi ce a ƙafa zuwa Zango. Kakata ta wajen uba ba ta ga zamanin ba, amma uwarta ta gani, kuma ta bar mata abubuwa. Har ta tsufa ba ta yarda a gina rumbu a bakin hanya. In ƙura ta taso daga arewa da rani, sai ta kira mu cikin gida, alhali ta san shanu ne ko motar gyaɗa. Muna yara muna yi mata dariya. Sai da na girma na fahimci cewa tsoron mahaya ne ta gada, kamar yadda ake gadon tasa da tabarma. A bayan garinmu akwai wani kufai, ba komai sai tsamiya biyu da gutsattsarin tukwane da garma ke tonowa duk damina. Mutanen da suka tashi daga wurin su ne kakanninmu, sun matso kusa da gari mai ganuwa don su kwana da ido biyu a rufe. Irin wannan kufai yana nan birjik daga Sandamu har Baure, kuma ban taɓa ganin an kai 'yan makaranta ko ɗaya ba.

Komawar da kakanki ke faɗa ta zo ne da Turawa. Sun ci Kano a 1903, cikin 'yan shekaru suka sauke sarkin Fulani na birni, suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura, aka haɗa Zango da Baure da birnin a masarauta guda. Ki gwada da maƙwabta ki ga girman abin. Haɓen Katsina da suka fita, Maraɗi suka kafa, can suka tabbata. Na Zazzau sun sauka Abuja ta dā, wadda ake kira Suleja yanzu, ba su koma Zariya ba. Gobirawa suna Tsibiri da Sabon Birni, Alƙalawa ta zama kufai. Gidan Daura ne ya fita ya kuma dawo ɗakinsa.

Kada dai ki ɗauka son gaskiya ne ya motsa Bature. Lissafinsa ya yi. A Katsina ma, a daidai wannan zamani, ya sauke Yero ya ɗora Muhammadu Dikko, wanda ba daga gidan da ke mulki ya fito ba. Wanda zai tafi da shi yake nema, a Daura sai lissafin ya faɗa kan masu tsohon haƙƙi.

Bayan Musa, ɗansa Abdurrahman ya hau a 1911, ya yi shekara 55. Muhammadu Bashar ya gaje shi a 1966, ya yi 41. Mai Martaba Umar Faruk Umar ya hau a 2007. Ni da na tashi a zamanin Bashar, na ɗauka sarki ba ya canjawa, kamar dutse.

Malam, ina koyarwa a firamare a Sandamu. Wani yaro ya tambaye ni a aji, wai da gaske ne Bayajidda ya kashe macijiya? Na rasa ta cewa. Ya zan amsa masa?

Malam, Allah Ya ƙara basira, kuma ka riƙe yaron nan da kyau.

Fara ba shi labarin cikakke, don yawancin yaranmu guntunsa suka sani. Baƙo ya taso daga Bagadaza, ya zauna Barno ya auri 'yar sarki, ya gudo da ita ya bar ta a Garun Gabas ta haifi Biram. Ya biya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa ta ce a nan sai Juma'a ake ɗiba, saboda macijiyar da ke cikin Kusugu. Ya je ya sare kanta. Magajiya Daurama ta aure shi ta haifi Bawo, kuyangar da ta ba shi ta haifi Karɓagari. 'Ya'yan Bawo shida, da Biram na bakwai, su ne Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram.

Sannan ka nuna masa abin da labarin da kansa ya yarda da shi. Baƙon nan gari ya tarar, da rijiya, da sarauniya, da Galadima da Ƙaura, da mutanen da suka yi masa magana. Jerin sarakunan Daura ya lissafa sarauniyoyi tun daga Kufuru kafin a zo kan Daurama, kuma an ce daga Tsohon Birni, arewa da garin yanzu, aka taso. Don haka duk wanda ya ce maka Hausawa daga Bayajidda suka fito, labarin ma bai goyi bayansa ba. Abin da yake bayani shi ne yadda sarauta ta tashi daga hannun mata ta koma hannun maza, da dalilin da ya sa garuruwa bakwai ke ganin juna 'yan ɗaki ɗaya. Har gobe akwai sarautar Magajiya a fadar Daura, ba ta ɓace ba.

Masana da yawa suna ganin mutum guda ne aka ɗora wa abin da ya ɗauki zamunna yana faruwa, baƙi na shigowa daga gabas suna auratayya da masu ƙasa. Ni ma can na karkata. Amma ba na son malamin da zai tsaya gaban yara ya ce "ƙarya ce" ya wuce. Kakannin da suka riƙe wannan labari ɗaruruwan shekaru ba wawaye ba ne. Macijiyar da ke hana ruwa sai rana ɗaya a mako, duk wanda ya taɓa bin layin rijiya a watan bazara a ƙasar nan ya san abin da ake nufi da mai iko da ruwa.

Ka nemi izinin hedimasta ka kai su Kusugu. Rijiyar na nan cikin gari, an yi mata gini, da ruwanta. Su leƙa, su sha, su dawo su rubuta abin da suka gani.

Alhaji, sana'ata dabbobi, duk Lahadi ina kasuwar Mai'aduwa. Uwata 'yar Magarya ce, matata daga Matamai. Lokacin da aka rufe boda a 2019 sai da na yi wata da watanni ban ga kawunnaina ba. Wai wa ya ja wannan layin, kuma da wane dalili ya bi ta nan?

Alhaji, Allah Ya ba da kasuwa. Waɗanda suka ja shi ba su taɓa shan furar Mai'aduwa ba. Ingila da Faransa ne, a kan takarda, kuma ba sau ɗaya suka ja ba. Sun fara a 1890 da wani layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar tafkin Cadi, suka sake a 1898, suka gyara a 1904, suka kuma gyarawa a 1906. Rigimar duk a kan ruwa ce. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka tarar rabon da aka yi ya bar su da hamada, ba hanyar da ayarinsu zai bi daga Kwara zuwa Damagaram ya samu rijiyoyi. Suka matsa, Ingila ta sakar musu ƙasa ta kudu. Daga 1906 zuwa 1908 wata tawaga ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi ƙasa tana kafa alamomi, guda 148 daga Kwara har Cadi.

Layin ya ratsa tsakiyar tsohuwar ƙasar Daura. Zango da Baure suka faɗo wa Ingila, yankin Magarya ya tafi Faransa. Kawunnanka Daurawa ne da aka wayi gari an ce su koyi Faransanci.

Talaka kuma bai ɓata lokaci ba wajen gano amfanin abin. Mahaifina ya sha ba mu labarin dangin da suka sauko mana da jakuna cikin dare, suna gudun aikin tilas na Faransa, aka yanka musu gona a gefen tamu. Wasu shekarun kuma namu ne ke haurawa in dogarai sun matsa da haraji. Jikokin waɗancan baƙi suna nan, ɗaya ma shi ke limancin masallacin unguwarmu. Kai da kake kora raƙuma da shanu ta Kongwalam, hanyar da kake bi ta girmi shingen da ke kanta nesa ba kusa ba. Rufewar da ka ambata daga Agustan 2019 ta kai har Disambar 2020, kuma ka fi ni sanin ko ta hana bikin aure.

Baba, mahaifiyata ba ta san shekarunta ba, katin zaɓenta ma ƙiyasi aka yi. 'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Baure. Ina so in rubuta wa 'ya'yana tarihinta da na garinsu. Ta ina zan fara?

'Yata, kada ki tambaye ta shekara. Ki tambaye ta abin da ya faru, ke ki sa lambar. Mutanen karkara da abin da ya same su suke ƙirga zamani. Kakata takan ce an haife ta "ana fita Kakalaba", wato yunwar 1914, da haka muka san ta haura tamanin da ta rasu.

Ki riƙe waɗannan turaku. Rasuwar Sarki Abdurrahman da kisan Sardauna duk 1966 ne. Canjin hannu, da motoci suka koma dama, 1972. Naira ta kori fam da sule a 1973, shekarar da fari ya kashe dabbobi. Makarantar firamare ta kyauta, 1976. Balarabe Musa ya soke haraji da jangali bayan hawansa a 1979, wannan kuwa ba magidancin ƙauyen da ya manta shi. Canjin kuɗi na Buhari, 1984. Sai ki ce, Inna, lokacin canjin hannu kina gidan miji ko kina gidanku? Wa kike goyo da aka daina haraji? Tambaya uku ko huɗu, kin kewaye shekarar haihuwarta.

In ta ce miki da can Kaduna ake kai ƙara, ba ruɗewa ta yi ba. Daura ta zauna a lardin Kano har 1934 da aka haɗa ta da Katsina aka yi lardi guda. Daga 1967 tana Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976, sai ranar 23 ga Satumba 1987 aka yanke Jihar Katsina. Ƙananan hukumomi biyar na masarautar, Daura da Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, duk da wannan tafiyar suka zo.

Na garin kuma, ki je wurin mai unguwa ya lissafa miki waɗanda suka riƙe kafin shi, yawanci ya haddace su. Daga nan ki nemi tsohon wanzami da makaɗin gidan dagaci. Wanzami ya san tsagar kowane gida da inda ta fito, makaɗi kuma a cikin kirari yake ɓoye abin da masu gari ba sa son a faɗa. Ki tambayi wa ya haƙa tsohuwar rijiya, don sau da yawa sunansa ne sunan garin. Ki je da yamma bayan la'asar, ki ajiye wayarki tana naɗa, kada ki katse tsoho ko ya saki hanya. In Inna ta fara waƙar niƙa, ita ma ki naɗe ta, akwai sunayen mutane a ciki.