Amsar tambayar Hajiya kan shukar da ke jure fari

Salamu alaikum 'yan group. To Hajiya na saurari tambayarki, kin ce ruwa na miki wahala amma kina son ganin kore a gida, wace shuka za ki sa wadda ba ruwanta da ban-ruwa. Gaskiya babu irin wannan fa. Mai jure fari ma sai ta kama ƙasa tukunna, shekarar farko dole ki riƙa ba ta ruwa har saiwarta ta nutsa, shi ya sa dashe a farkon damina ya fi, sama ta taya ki aikin.

Wajen zaɓe ganye za ki duba. In kin ga mai kauri cike da ruwa, ko ƙanana, ko mai sheƙi kamar an shafa masa kakin zuma, ko mai toka-toka da gashi-gashi, to wannan ba ya zubar da ruwansa a banza. Alobera ma da dare take buɗe ƙofofin ganyenta ta sha iska, da rana ta rufe abinta. Akwai lalle in shinge kike so, akwai zogale, sai kariya mai jan furen nan da ƙaton gindi, amma ita ruwan jikinta dafi ne, in da yara ƙanana a gidan a sa ta inda hannu ba zai kai ba.

Yawwa, abin da ya fi kashe su kuma ba ƙishi ba ne, yawan ruwa ne. Ni kaina kariya biyu na ruɓar saboda tausayi, kullum da safe ina tsiyaya musu, ashe gindin laushi yake yi. Ki haƙa rami kamar santimita 30 ki cika shi da ruwa, in ya kwana bai tsotse ba to wurin ba nasu ba ne, gara tukunya mai huji a ƙasa da ƙasa mai yashi. In za ki ba su, ki ba su ya jiƙa har can ciki sannan ki ƙyale, sai kin tura yatsa kin ji ya bushe. Yayyafi kullum saiwa a sama yake barinta, rana na ƙwallewa ta galabaita.

Sai ki baza busasshiyar ciyawa ko ganye kamar santimita 5, kada dai ya taɓa jikin karan. Taki kaɗan. Af, na manta, kada ki haɗa su layi ɗaya da masu shan ruwa da yawa, a ware musu ɓangarensu.