Kafin ka kama wa baƙo masauki a bakin kogi

Ka tambaye ni, ɗana, yadda za ka yi da Alhajin nan na Tudun Wada. Yana so ya kai Hajiya da yara kallon namun daji a ɗaya daga cikin manyan kogunan Afirka, yana son masauki na alfarma, amma ya ja maka kunne kada a yanke shi. Kai kuma ka buɗe kwamfuta ka tarar da masaukai biyu, hotunansu kusan iri ɗaya, farin gidan sauro, baranda tana fuskantar ruwa, sai dai kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan. Shi ne kake cewa ko mai arahar za ka ba shi, tunda dala ta yi tsada.

Kada ka ba shi ko ɗaya tukuna. Rufe hotunan nan. Gado mai laushi akwai shi a Kaduna, akwai shi a Abuja, ba sai mutum ya hau jirgi ba. Abin da Alhaji zai fitar wa kuɗi shi ne a sauke shi a gaɓar da dabbobi ke gangarowa shan ruwa, a watan da suke gangarowa, a hannun wanda ya san inda zai tsayar da jirgin ruwa. Idan waɗannan suka samu, ko tanti ne an ci riba. Idan ba su samu ba, ko da zinariya aka yi bahon wanka an yi asara.

Fara tambayarsa wane wata zai tafi. Ka je Yankari, ka ga yadda rani ke tara giwaye a bakin kogin Gaji. Haka abin yake can, sai dai lokutansu juye suke da namu. Daga Mayu zuwa Oktoba, muna nan Zariya muna fama da ruwan sama, su kuma a Botsuwana da Zambiya da Zimbabuwe rani ake yi. Kududdufan cikin daji sun ƙafe, ciyawa ta kwanta, dole giwa da ɓauna su nemi kogi. Wannan ne ya sa farashi ke kai ƙololuwa daga Yuli zuwa Oktoba. Da damina ta sauka wajen Disamba, dabbobi su watse cikin daji, farashi ya faɗi, wasu masaukan na kwarin kogin Zambezi ma rufewa suke yi har wajen Afrilu saboda hanya ba ta biyuwa. Saboda haka koma ka duba: ƙila arahar da ta ja hankalinka kuɗin watan Janairu ne, ɗayan kuma na Agusta. Ni inda nake nemo wa mutanena rangwame shi ne gefe-gefen lokacin, wato Mayu da farkon Yuni, ko Nuwamba, domin masaukai da yawa ba su riga sun ɗaga kuɗi ba ko sun riga sun sauke, kuma kallo bai lalace ba. Matsalar Alhaji ita ce hutun makarantar yara a Agusta yake faɗowa, tsakiyar tsada. Ka gaya masa wannan tun farko. Ka kuma gaya masa Yuni da Yuli akwai sanyin safiya mai shiga ƙashi a buɗaɗɗiyar mota, Oktoba kuwa zafin kwarin Zambezi yakan haura digiri 40.

Ga mai iyali da bai taɓa zuwa ba, ni kogin Chobe da gandun dajinsa nake fara dubawa, a arewacin Botsuwana. Garin da ake sauka sunansa Kasane, kuma daga can zuwa babbar magangarar ruwan Biktoriya kimanin kilomita 80 ne ta mota, ba sai an ɗauki ƙaramin jirgin sama ba. Wannan kaɗai ya rage kuɗi mai yawa. A nan ne bambancin farashi ke da ma'ana sosai, don haka bari in tsaya a kansa.

Yawancin masaukan Kasane a wajen gandun dajin suke, jere a bakin ruwa. Baƙonsu yakan tashi da asuba, a ɗauke shi a mota zuwa ƙofar gandun ta Sedudu, ya tarar da layin motoci ana jiran a buɗe. Chobe Game Lodge ne masaukin dindindin da ke cikin gandun a wannan gaɓar, baƙinsa sun riga kowa shiga daji domin a ciki suka kwana, kuma kuɗinsa ya nuna haka. Akwai kuma na tsallaken kogi, ɓangaren Namibiya, da jiragen ruwan da ake kwana a cikinsu; waɗannan ka tuna shiga wata ƙasa ce, wato wata biza ce daban a fasfon Najeriya. To, shin dole ne a biya na cikin gandu? A ganina ba dole ba ne, domin daɗin Chobe a kan ruwa yake, kuma ruwan na kowa ne. Wajen ƙarfe uku na rana jiragen ruwa ke tashi. Giwaye su fito daga cikin itatuwa ƙura na bin su, su tsaya su sha, sai babbar ta shiga ruwa sauran su biyo ta zuwa tsibirin Sedudu. A tsakiyar kogi ba ka ganin komai sai ƙoƙon kai da hanci a sama yana shaƙar iska, 'yan ƙananan a tsakanin manya. Su fito can gefe sun yi baƙi wuluk, ruwa na zuba daga kunnuwa. Wanda ke cikin ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum takwas ko goma, direbansa zai kashe inji ya bar ruwa ya matsar da su a hankali, har ya ji ƙarar tuge ciyawa. Wanda ke cikin babban jirgi mai bene, da mutane gommai, daga nesa zai hanga, ta bayan kafaɗar wani.

Don haka ka rubuta wa kowane masauki ka tambaya: jirginku mutum nawa yake ɗauka, naku ne ko haɗa baƙi kuke yi da na wasu otal-otal, kuma mutum nawa kuke zubawa a motar daji? Mota mai mutum shida kowa na da gefe. Mai tara ko goma, wani yana tsakiya yana leƙe. Masaukin cikin gari mai tsafta da ke da ƙaramin jirginsa ya fi mini mai tsadar da ke cusa baƙi a na haya.

Sai lissafi, kuma nan ne yara irinka ke faɗawa rami. Kuɗin da kake gani a rubuce na mutum ɗaya ne, dare ɗaya, bisa sharaɗin mutum biyu za su haɗa ɗaki. Wanda zai kwana shi kaɗai ana ƙara masa. Sannan ka duba me kuɗin ya ƙunsa. Wani masaukin kwana da karin kumallo kawai ya lissafa: fita a mota kuɗi, fita a jirgi kuɗi, shiga gandu kuɗi a kan kowane mutum kowace rana, ɗauko baƙo daga filin jirgi kuɗi, abincin rana da na dare kuɗi. Wani kuwa ya haɗa duka har da wanki. Ɗauki takarda ka jera su gefe da gefe, ka ninka da yawan mutane da yawan kwanaki, ka zo ƙasa ka ga jimla. Sau da yawa za ka ga ratar da ta tsorata ka ta tsuke, wani lokaci ma mai arahar ya zarce.

Akwai wani abu da ya shafi mutanenmu musamman. Farashin da suke cewa ya haɗa komai, har da giya a ciki. Alhaji ba ya sha, Hajiya ba ta sha, amma za su biya. Ka tambaya ko suna da farashin da ya ƙunshi abinci da fita kallo ba tare da abin sha ba. Wasu suna da shi, wasu za su ce farashinsu ɗaya ne. Tambayar ba ta cin kuɗi. A wannan wasiƙar ka sa maganar nama: za su iya samo na halal idan an sanar da su da wuri, ko a tsaya a kan kifi da ganye? Ka nemi amsa a rubuce, kada ka yarda da "babu damuwa" ta waya. Ka tambayi banɗaki ma, domin wasu tantunan wurin wankansu a waje yake, sama a buɗe. Bature na ganin wannan alfarma ce, Hajiya ba za ta gode maka ba. Su tafi da butarsu. Kuma ka faɗa wa Alhaji da babbar murya, a gaban yaran, cewa ba a gangarawa bakin kogi yin alwala, komai kwanciyar ruwan. Kada da dorina ba sa sanarwa.

Idan ya ce ya ji labarin Okabango, to ka zaunar da shi. Wurin ya cancanci sunansa: kogi ne da ke tasowa daga tsaunukan Angola, bai kai teku ba, ya bazu cikin yashin hamadar Kalahari a Botsuwana, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Ambaliyarsa kan cika tsakanin Yuni da Agusta, a tsakiyar rani. Amma manyan masaukansa a wannan lokaci sukan haura dala 1,000 ga mutum ɗaya a dare ɗaya, wasu ma nesa da haka, kuma yawancinsu sai da ƙaramin jirgin sama daga garin Maun. Masaukan iri-iri ne: akwai na ruwa zalla, inda ake yawo a siririn kwalekwalen da suke kira mokoro, a ga tsuntsaye da giwa jefi-jefi amma babu fita a mota, akwai na tudu, akwai masu haɗa biyun. Mutumin da ya biya wannan kuɗi yana sa ran zaki, ka kai shi na ruwa zalla, ka ɓata da shi har abada. Wasu kuma ruwansu na lokaci ne, idan ya janye babu kwalekwale. Abin da tsadar ke saya a filayen da kamfanoni ke haya shi ne ƙarancin motoci, da izinin fita da dare, da barin hanya a bi dabba, abubuwan da ba a yarda da su a cikin gandun gwamnati ba. Ga wanda ya san darajar wannan, kuɗin bai tafi a banza ba. Ga yara 'yan firamare, ya yi yawa. Masaukai da dama ma suna da ƙa'idar shekaru, ba sa barin ƙananan yara shiga kwalekwale ko tafiyar ƙasa, wasu kuma sai iyali sun ɗauki motarsu ta daban, wani ƙarin kuɗin ke nan.

Kada ka manta da kaya idan akwai ƙaramin jirgin sama a tafiyar. A Botsuwana kilo 20 aka saba ba mutum, a gabashin Afirka 15, kuma jaka mai laushi, domin ma'ajiyar wani ɗan aljihu ne a ƙarƙashin cikin jirgin, matuƙi da kansa yake durƙusawa yana tura jakunkuna ɗaya bayan ɗaya. Akwatin Dubai mai taya ba ya shiga. Gara Hajiya ta ji haushinka a nan PZ ta Zariya da ta ji shi a filin jirgin Maun.

Gandun Zambezi ta ƙasa, a Zambiya, daura da gandun Mana Pools na Zimbabuwe, wuri ne na manya masu son kwalekwale da kamun kifi. Masaukan da ke yankin Chiawa, dab da gandun, sukan fi na ciki sauƙi, ka dai tambayi minti nawa ne zuwa ƙofa. Akwai ƙudan tsando, a guji tufafi shuɗi da baƙi. A Tanzaniya akwai kogin Rufiji cikin gandun Nyerere, wanda aka yanko daga gandun Selous a 2019. Can maganar halal ta fi sauƙi saboda yawan Musulmi, kuma ana iya ƙarasawa Zanzibar. A Yuganda akwai jirgin ruwan da ke tashi daga Paraa ya haura kogin Nilu zuwa gindin magangarar Murchison, inda kogin gaba ɗaya ke matsewa ta tsagin dutse mai faɗin mita 7.

Kafin ka karɓi ko sisi na kafin alƙalami, ka tabbatar da biza da katin rigakafin shawara, domin masaukan nan ba sa son mayar da kuɗi idan lokaci ya matso. Karanta sharaɗin fasa tafiya da kanka, layi-layi, ka fassara wa Alhaji. Ka haɗa masa da inshorar tafiya, ya kuma ga likita kan maganin zazzaɓin cizon sauro. Ka sa tukuicin jagora da ma'aikata cikin lissafi tun yanzu. Game da ladanmu kuwa, za ka ga wani masaukin ya fi wani ba mu kaso. Kada wannan ya zaɓa maka. Mutumin nan a masallaci ɗaya za ku riƙa haɗuwa da shi.

Gobe ka kira shi ka ji watan da shekarun yaran. Idan Agusta ne, shirya masa jirgin Ethiopian daga Kano ko Abuja ta Addis Ababa zuwa filin jirgin magangarar Biktoriya a Zimbabuwe, kwana biyu a can, sannan mota zuwa Kasane a yi kwana uku. Ƙasa da uku gajiyar hanya ce kawai, kuma wasu masaukan na rage kuɗi ga mai daɗewa, ka tambaya. Rubuta wa masaukai uku wasiƙa iri ɗaya da tambayoyin nan duka, ka kawo mini amsoshinsu da takardar lissafinka mu duba tare kafin ka tura masa komai.