Amsa ga ɗan'uwan da sabarsa ta ƙi tashi bayan ya kashe SELinux

Sannu ɗan'uwa. Da na karanta cewa ka kashe SELinux, wato tsarin tsaron da ke cikin Linux, ka sake kunna sabar, ta tsaya cak a kan "Failed to load SELinux policy", sai da gabana ya faɗi. Na san wannan baƙin allon.

Kada ka goge komai, bayananka na nan lafiya lau. GRUB, wato allon zaɓi da ke bayyana in ka kunna na'ura, na fitowa ka danna e, ka je ƙarshen layin da ya fara da linux, ko linux16 in nau'in Linux ɗin da ke kan sabar CentOS 7 ce, ka ƙara selinux=0, sai Ctrl+X. In ta tashi ka buɗe /etc/selinux/config. Ina kyautata zaton a layin SELINUXTYPE ka rubuta disabled, ba a layin SELINUX ba. Wancan layin sunan tsarin da za a loda yake ɗauka. Na'ura ta nemi tsari mai suna disabled ta rasa, sai ta daskare. Mayar da shi targeted.

Mu wani ne ya yi mana wannan aika-aika a wurin aikinmu nan Kakuri. An ɗauko shi ya girka manhajar albashi, SELinux ta tare shi, ya taɓa fayil ɗin, ya karɓi kuɗinsa ya tafi bai faɗa wa kowa ba. Sai ƙarshen wata aka ɗauke wuta, inbata ta mutu, sabar ta ƙi dawowa. Oga ya tsaya a kaina a gaban leburori da direbobi yana cewa ni na riƙe musu albashi. Na kira mutumin har na gaji. Da ya ɗaga, wai shi lafiya ya bar ta. Wallahi har yau raina na ɓaci in na tuna, ko haƙuri bai ba ni ba.

Shi ya sa ba na son kashe SELinux. Sa SELINUX=permissive, wato ta riƙa rubuta abin da za ta tare ba tare da ta tare shi ba, sai ka duba su da ausearch -m avc. Sau da yawa restorecon, umarnin da ke gyara alamomin tsaro na fayiloli, shi kaɗai ya isa. In kuwa Rocky Linux 9 gare ka, disabled a fayil ba ya kashe ta gaba ɗaya, sai da grubby --update-kernel ALL --args selinux=0.

Ranar da za ka maido da ita, fara da permissive, ka yi touch /.autorelabel don a sake sa wa fayiloli alamomin tsaro in sabar ta sake tashi, kuma don Allah ka tabbatar da wuta, don aikin na jan lokaci. Wace siga ce ma a kan sabar taka? In CentOS 7 ce, tun Yunin 2024 aka daina sabunta ta.