Inji biyu, wasa ɗaya, biya daban

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa injinan fokar bidiyo (cacar karta a allon inji) biyu da ka gani a Yamai ba sa biya daidai. Sirrin yana cikin jadawalin biyan da ke saman allo. A nau'in wasan da ake kira Jacks or Better, in ful hawus (kati uku masu lamba ɗaya da wasu biyu masu lamba ɗaya) na biyan ninki 9 na abin da aka zuba, fulash (kati biyar masu alama ɗaya) kuma ninki 6, injin yana mayar da kashi 99.54 cikin 100. In 8 da 5 ne, sai ya sauka zuwa 97.30. Wato a jika ɗari da aka zuba, asarar sefa 460 ta zama 2,700. Wannan ma sai ga wanda ba ya kuskure ko ɗaya, bayan dubban zagaye. Ni dai ban so ka da caca ba, domin ko jadawali mafi kyau cikin biyun nan bai kai kashi 100 ba.