Faifan zartona ya tsage, Oga ya ce a kai wa mai walda

Tambaya: Salam Malam, ni yaron kafinta ne. Mun sayo faifan zarto mai inci 10 wanda aka taɓa amfani da shi za mu ɗaura wa injin tebur, sai na ga wata 'yar tsaga a gindin haƙori ɗaya. Oga ya ce a ɗiga masa walda kawai, ni kuma wallahi gabana faɗuwa yake don ni ke tura katakon.

Amsa: Wa alaikassalam ƙanena. Kada ka ɗaura shi.

Fara tabbatarwa tsagewa ce, don akwai yankan da kamfani ke yi da gangan saboda zafi, shi za ka gan shi tsaf a wurare da dama, tazara iri ɗaya. Goge danƙon da kananzir ka duba a rana. Sai ka rataya faifan a yatsa ka ƙwanƙwasa da ƙotar sukundireba, mai lafiya zai yi ƙara tangaran, tsagagge kuwa ƙwaf zai ce ya yi shiru. Duba ko haƙori ya ɓalle, kwantar da shi kan gilashi ka ga ko ya lanƙwashe, ramin tsakiya ya zauna daram ba girgiɗi, RPM (wato yawan juyi a minti) da aka rubuta a jikinsa kada ya gaza na injin. Kuma zare filogi kafin ka sa hannu, 'yan NEPA ba sa sallama.

To maganar waldar nan ita ke ƙona min rai, kullum sai na ji ta. Faifai mai inci 10 in yana juyi 4,000 a minti, bakinsa na gudun kusan kilomita 190 a awa, kai kuma kana tsaye saitinsa. Ƙarfen nan an gasa shi an daidaita shi tun daga kamfani, wutar walda na taɓa shi ta kashe gashin, gefen ɗinkin ya yi gautsi, nauyi ya rinjaya ɓangare ɗaya, mai waldan ya bi da giranda ya goge ya yi ƙyalli ka ɗauka ya warke alhali tsagar tana nan ciki tana tafiya. Sai ka ji ana cewa ai mun shekara muna yi ba abin da ya faru. Haba Oga! Ranar da ya ci karo da ƙusa ko ƙulli a cikin maɗaci, mai walda yana shagonsa, yaron mutane ne a gaban injin, kuma amana iyayensa suka ba ka, Allah zai tambaye ka.

Ka nuna masa wannan cikin ladabi. Faifan kuma a sa guduma a lanƙwasa shi kafin a ba 'yan jari bola, kar gobe ya dawo kasuwa wani ya saya.