Ta zaɓi darussa masu sauƙi a IB don makinta ya hau?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata tana da shekara 16, ta gama jarrabawar sakandare ta IGCSE, za mu kai ta makarantar kwana ta ƙasa da ƙasa a waje ta yi IB (International Baccalaureate, karatun share fagen shiga jami'a) na shekara biyu. Burinta ta karanta likitanci a Ingila. Dillalin da ya samo mana makarantar ya ce ta ɗauki darussan da suka fi mata sauƙi, wai jami'a jimillar maki kaɗai take dubawa, kuma wai makarantar tana da hanya da jami'o'i. Saura mako uku a cike fom ɗin zaɓin darussa, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Haka abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gara da hankalinki ya ƙi kwanciya, domin wannan shawara ita ce wadda na fi gajiya da jin ta, kuma ita ta fi rufe wa yara ƙofa tun ba su kai bakinta ba.

Kin san lissafin: darasi shida, kowanne maki 7, sai maki 3 na dogon rubutu da darasin nazarin ilimi, jimilla 45. Dillalai a kan 45 ɗin nan suke kafe ido, saboda ita ce lambar da ke burge iyaye. Jami'a kuwa abin da take fara buɗewa shi ne darussa ukun da yarinya ta ɗauka a babban mataki, wato HL. Yawancin makarantun likitanci na Ingila suna son kemistiri a wannan mataki, da yawansu har da bayoloji, kuma da maki 6 ko 7. Idan babu su, ko 44 ta ci, ba a kai ga karanta takardar bayanin kanta ba an ajiye fom ɗinta gefe.

Na taɓa zama da wani yaro da mahaifinsa, takardar sakamako a kan tebur, maki 41. Uban sai shafa takardar yake yana murmushi. Yaron injiniya yake so, amma lissafin da ya yi na ƙaramin mataki ne, kuma reshen aikace-aikace, ba na nazari ba. Tun 2019 IB ta raba lissafi gida biyu, AA (na nazari) da AI (na aikace-aikace), kuma sassan injiniya da dama AA suke nema a babban mataki. Muka bi shafukan jami'o'in da ya lissafo ɗaya bayan ɗaya, murmushin uban yana raguwa. Wa ya ba shi shawarar? Irin mai ba ki shawara yanzu, wanda ya riga ya karɓi la'adarsa ya yi gaba. Shi a ranar da aka biya kuɗin makaranta aikinsa ya ƙare.

Kada kuma a ce miki za ta canza daga baya. Darasin babban mataki awa 240 ne na koyarwa, na ƙarami 150. Wanda ya tashi sauyawa bayan zango biyu, ina zai samo abin da ya wuce shi? Ga lokaci ba ya jira: neman likitanci ta UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'o'in Birtaniya ta hannunta, yana rufewa ranar 15 ga Oktoba, a farkon shekararta ta biyu, kuma kafin nan ta riga ta zauna jarrabawar UCAT, ta tantance masu neman likitanci. Ma'ana, da makin hasashe da malamanta za su ba ta daga aikin shekarar farko za ta nemi gurbi. Zaɓi huɗu kawai ake ba likitanci cikin biyar ɗin da ke fom ɗin UCAS.

Maganar wai makaranta tana da hanya kuwa, ki ce wa dillalin ya rubuta miki a takarda ya sa hannu, ki ga yadda zai fara kame-kame. Abin da makaranta mai kyau take da shi shi ne mai ba da shawara da ya san aikinsa da malaman da za su rubuta wasiƙar shaida mai nauyi. Gurbi, jami'a ce ke bayarwa, kuma da sharaɗi: sai sakamako ya fito a Yuli ya cika abin da aka gindaya. Sannan kuma, shekarun da ta yi a makarantar kwana da bizar ɗalibai ba sa mayar da ita 'yar gida wajen kuɗin jami'a, wannan ma ana yawan ruɗar iyaye da shi.

Kafin mako ukun nan ya cika, ku zauna da ita ku buɗe shafukan jami'o'i biyar ko shida, ku kwafe sharuɗɗan IB na likitanci a takarda guda. Sannan ki rubuta wa jami'in IB na makarantar, ba dillali ba, ki tambaye shi ko jadawalinsu yana barin a haɗa kemistiri da bayoloji a babban mataki. Akwai makarantun da darussan biyu ke cin karo a awa ɗaya. Idan ya ce ba ya yiwuwa, ku nemi wata makarantar tun ba a biya kuɗin zangon farko ba.