Tambaya da Amsa: Wace amfilifaya zan saya don ƙaramin wasa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata uku ina kaɗa jitar lantarki, galibi rok da buluz. Mu huɗu muka haɗu, ni da mai ganga da mai jitar bas da mawaƙi, kuma an fara gayyatarmu wasa a wuraren da ba su wuce mutum ɗari ba. Amfilifayar, wato na'urar ƙara sautin jita, da nake koyo da ita a ɗaki mai wat 10 ce, ganga na shanye muryarta. Abokina ya ce in sayi mai wat 100 in huta. Ya kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara basira. Abokinka ya yi maka fatan alheri, amma ban goyi bayansa ba, musamman idan mai bawul yake nufi, wato mai ƙwayayen gilashin nan da ke yin ja a ciki idan ta ɗauki zafi.

Mutane na ɗaukar wat kamar mudu, wai ninki biyu na wat ninki biyu ne na ƙara. Ba haka kunne yake ji ba. Idan ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara a ma'aunin ƙarfin sauti, sai ka ninka shi sau 10 kafin kunne ya ce ƙarar ta ninku. Ke nan mai wat 100 ba ta yi wa mai wat 15 nisan da lambar take nunawa ba.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Daɗin buluz yana cikin wannan ɗan kaushin da murya ke yi idan an matsa wa bawul: ka taɓa tsirkiya a hankali ta fito garau, ka danna ta da ƙarfi ta yi gurnani. Wannan ba ya fitowa sai an buɗe amfilifayar sosai. Na taɓa shiga wani ƙaramin zaure da mai wat 100, ban iya wuce lamba biyu a maɓallin ƙara ba don kada in kori jama'a, sai muryar jitar ta fito siririya, babu jiki. Har yau ina jin zafin daren nan, domin mun sha wahalar shiri.

Shawarata ita ce ka nemi mai bawul tsakanin wat 15 da 22, mai lasifika ɗaya ta inci 12, wadda amfilifaya da lasifikar ke cikin akwati guda. Fender Blues Junior wat 15 ce, nauyinta wajen kilo 14, hannu ɗaya ya ishe ta. Vox AC15 ma wat 15 ce, muryarta ta fi kaifi da sheƙi, sai dai ta fi nauyi. Ni dai zuciyata tana wajen Fender Deluxe Reverb mai wat 22, wadda ta fito tun 1963. Tana da sarari, murya na zama tsaf har ka kai maɓallin ƙara tsakiya, sannan ta fara kaushi. In kana son cizon rok, ka sa mata feda, wato 'yar na'urar da ake takawa da ƙafa ta sauya muryar jita, irin Tube Screamer ta Ibanez a gaba.

Idan ƙarfinka bai kai nan ba, ko ba ka son ɗawainiyar canza bawul, amfilifayoyi masu kwaikwayon muryar bawul ta hanyar dijital sun yi kyau yanzu. Boss Katana mai wat 50 tana da maɓallin rage ƙarfi zuwa 25 ko rabin wat, ka yi wasa da ita, ka kuma yi atisaye a ɗaki. A irin waɗannan, wat 50 bai yi yawa ba.

Ranar da wuri ya fi ƙarfinta, a ajiye makirufo gaban lasifikar a haɗa da na'urar sautin zauren. Kuma ka ɗora ta kan kujera ko ka kishingiɗar da ita ta fuskanci kunnenka, domin da yawa masu cewa ba sa jin kansu gwiwoyinsu suke yi wa kiɗa.

Kafin ka biya, ka je da jitarka ta kanka, kuma in da hali ka gwada ta mai gangarku yana duka yadda ya saba. In ka ɗauki mai bawul, kada ka taɓa kunna ta lasifika a cire, taransifomar cikinta na iya ƙonewa.